Yanke tankin mai da gyara shi bayan an mayar da Ford E-350 mai ja da ƙafa huɗu

Ford bai taɓa fitar da bas ɗinsa E-350 mai ja da ƙafa huɗu daga masana'anta ba. Duk wadda ka gani tana ratsa yashi da tayoyi huɗu, wani ne ya mayar da ita haka, ko kamfani irin Quigley da ke jihar Pennsylvania ta Amurka, ko wani gareji da ya san kan aikin. Tsarin kusan ɗaya ne ko'ina: a ciro aksul na gaba, galibi Dana 60, daga a-kori-kura F-250 ko F-350, a ɗaura taransifa a bayan giyabos domin ta raba ƙarfin inji gaba da baya, a ƙara farfelar gaba, a rage tsawon ta baya. Taransifar da aka fi sawa ita ce NV271 ko BorgWarner 1356.

A nan ake cin karo da tanki. A samfurin 1992 zuwa 2014, tankin yana kwance a tsakiyar mota, ta hannun hagu, tsakanin ƙarfen shasi da farfela. Dogo ne, na ƙarfe, a yawancin shekarun yana cin galan 35 na Amurka, wato kimanin lita 132, kuma hancinsa ya miƙo gaba har kusa da wutsiyar giyabos. Ita kuwa taransifar Ford ta hagu take zubo cikinta, domin ta nan farfelar gaba ke fita. Wuri ɗaya, kaya biyu. Dole tanki ya matsa.

Wasu sukan ɗauki guduma su lotsa hancin tankin har taransifa ta samu wuri. Motar za ta tashi, za ta yi tafiya, amma ƙarfen da aka lotsa ya riga ya gaji, rufin da ke kare cikinsa daga tsatsa ya tsage, kuma bayan 'yan watanni a kan hanyar burji, daidai wurin ne zai fara jiƙewa. Yanke hancin a rufe shi da sabon faranti shi ne aikin ƙwarai. Waldar kanta ba ta ɗaukar lokaci mai yawa. Abin da ake yi kafin ta da wanda ake yi bayanta su ke raba aiki mai kyau da na jeka-na-yi-ka, don haka a kansu zan fi tsayawa.

Duba ko tankin ya cancanci wahalar

Kafin komai, ɗora maganaɗisu a jikinsa. In ya kama, ƙarfe ne, ana iya yanka a yi walda. In bai kama ba kuma jikinsa baƙar roba ce mai kauri, ka haƙura da maganar yanka. Tankunan roba na motocin zamani hawa-hawa ake zuba su, da wani siririn hawa a tsakiya mai hana tururin fetur ratsawa, kuma robar da ta daɗe tana shan mai ba ta karɓar liƙi yadda hankali zai kwanta. Irin wannan sai dai a nemo ƙaramin tanki, ko a ƙera sabo da alminiyom mai kaurin milimita 3.

Na ƙarfen ma a duba ƙarƙashin maɗaurinsa biyu, inda laka da danshi ke maƙalewa, da kuma samansa. In tsinin sukudireba yana shiga tsatsar, tankin ya gama yayi. Masu injin dizal, musamman mai lita 6.0, su haska tocila a ciki da kyau: tankunan ƙarfe na waɗannan motocin sun yi suna wajen saɓulewar rufin ciki, ya riƙa zubowa ɓarɓashi mai ruwan azurfa yana toshe filta, injekta su rasa mai. Tankin da ya fara haka, zafin walda ƙara masa ciwo zai yi.

Awo, tun tanki yana ƙasa taransifa tana sama

Ba a yanka tanki da lambar da aka ji a bakin wani. Yawan abin da za a cire ya danganta da irin giyabos, da adaftar da aka sa, da irin taransifar. Don haka sai an sauke tanki, an ɗaura taransifa da ƙarfen gicciyen da ke riƙe ta, an ɗaure su tamau kamar yadda za su zauna, sannan a auna.

Wajen saukewa, fara da sauke ƙarfin man da ke cikin layi. Zare fiyus ko rile na famfon mai, ka tayar da mota ka bar ta ta mutu da kanta, sannan ka cire kan batir na nagatif. Injin fetur mai lita 5.4 yana riƙe mai a layi da ƙarfin da ya kai psi 30 zuwa 45. In ka zare tiyo haka nan, a fuska zai same ka. Zuƙe man da famfon hannu zuwa jarkoki, ban da baki, ban da famfon ruwa na lantarki. Lita ɗaya ta fetur kimanin giram 740 ce, ke nan cikakken tanki yana ɗauke da kusan kilo 100 na mai kaɗai, kuma ko rubu'insa ne ya rage, in ya kwaranya gefe guda zai kifar da tankin daga kan jak. Sa katako mai faɗi tsakanin jak da tanki, kwance maɗauran, sauke shi kaɗan yadda hannu zai shiga, sannan ka cire soket ɗin famfo, da layukan mai, da tiyon zuba mai, da tiyoyin numfashi. Layukan Ford suna da makulli a ciki wanda sai da ɗan zoben cirewa na inci 5/16 ko 3/8 yake saki. Kada ka banƙare shi da sukudireba. Ka ɗauki hoton saman tankin da waya kafin ka zare komai. Tiyoyin sun yi kama da juna.

Yanzu yanki kwali daidai siffar hancin tankin, faɗi da tsayi, ka shiga ƙarƙashin mota da shi. Riƙe shi a bayan taransifa a daidai layin da tankin ke zama, ka ja shi baya har ka samu tazarar da kake so, ka auna daga kwalin zuwa wani abu da ba ya motsi, kamar ramin kusar maɗaurin baya. Wannan awon shi za ka kai jikin tanki.

Tazara nawa? Ni ba na yarda da ƙasa da santimita 4. Inji da giyabos da taransifa a kan roba suke zaune, kuma idan aka sa ƙaramar giya ana hawan tudu, dukansu murɗawa suke yi gefe guda fiye da yadda mutum zai zata. Sa doguwar sandar ƙarfe ka banƙara wutsiyar taransifar hagu da dama, ka ga iyakar inda take kaiwa. In robobin da ke riƙe inji sun mutu, canja su kafin awo, in ba haka ba awon banza ka yi. Ka kuma tuna da ranar da za a so buɗe kusar zuba man taransifa, ko a sauke ta gaba ɗaya: a bar wa sifana hanya. Sannan ka dubi kan farfelar baya, wanda yanzu ya matso baya ya yi kusa da gefen tanki.

Man da za ka rasa lissafinsa mai sauƙi ne: faɗi sau tsayi sau tsawon da aka yanke, da santimita, a raba da 1000. Misali, hanci mai faɗin 40 da tsayin 30, in aka cire 12, an rasa lita 14 da 'yan kai. A gaya wa mai mota wannan tun kafin a taɓa tankin, ba bayan ya je gidan mai ya ga famfo ya tsaya da wuri ba.

Wanki, wanda shi ne rabin aikin

Tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari. Fetur ba ya fashewa yana ruwa. Tururinsa ne ke kamawa, kuma sai ya gauraya da iska daidai gwargwado, tsakanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin ɗari. A cikakken tanki tururin ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. A wanda aka juye kuwa, ɗan abin da ya rage a lunguna da cikin tsatsa da tsakanin ninkin ƙarfe ya isa ya kai iskar ciki wannan ma'auni. 'Yan cokula kaɗan sun wadatar ga tanki mai girman wannan. Kuma tururin ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, ba ya tashi sama ya tafi. Kwanciya yake a ƙasan tanki, ko ya gangara cikin ramin gareji ya jira tartsatsi. Shi ya sa ake jin labarin tankin da ya shekara a yashe a bayan shago, ranar da aka kai masa wuta ya tashi da mai walda.

Masu dizal kada su ce wannan ba tasu ba ce. Dizal ba ya ba da tururi mai kamawa sai ya haura digiri 52 ko sama, gaskiya ne, amma bakin walda ya wuce digiri 1000.

Cire duk abin da ke cirewa: famfo da fulotarsa mai auna tsayin mai, bawul ɗin numfashi, robobi. Zoben da ke riƙe famfo, in irin mai juyawa ne, da guntun tagulla ko katako ake bugunsa, ƙarfe a kan ƙarfe yana ba da tartsatsi. Juye ragowar man. Sai ruwan zafi da omo mai yawa, a cika kamar kashi ɗaya cikin uku, a toshe ƙofofi, mutum biyu su kama su girgiza, su juya shi ta kowane gefe, a zubar. A maimaita har ruwan ya daina fitowa da kyallin mai a samansa. In akwai inda ake wankin inji da tururin ruwan zafi kusa da kai, kai shi can, a bar tururin yana ratsa shi kamar awa guda. Babu abin da ke fitar da mai daga ninkin ƙarfe kamarsa. Daga nan a bar ruwan famfo yana shiga ta ƙasa yana ambaliya ta sama na ɗan lokaci, domin mai a kan ruwa yake tasowa.

Hanci ba ma'auni ba ne. Wanda ya wuni cikin warin fetur ba ya ƙara jin sa. In da na'urar auna iskar gas mai kamawa, ita ce shaida. In babu, ka ɗauka tankin bai wanku ba, ka yi yanka da walda a kan wannan zato.

Akwai dabarar da ta zama ruwan dare a garejoji: a zura tiyo daga salansar wata mota zuwa cikin tanki, a ce hayaƙin ya kori iska. Ban yarda da ita ba. Hayaƙin injin dizal cike yake da iskar oksijin da ba ta ƙone ba. Na tsohuwar motar fetur mai shan mai kuwa yana ɗauke da ɗanyen fetur da iskar kabon monoksaid, su ma masu kamawa ne. Dabarar takan yi aiki sau da yawa, shi ya sa ake yabonta, amma wanda ta ƙi yi wa ba ya dawowa ya ba da labari. Haka nan masu cilla ƙyallen wuta cikin tanki wai su ƙone tururin. Abin da ke korar iska da gaske shi ne argon, ko naitirojin, ko kabon dayoksaid daga tukunya: a zura tiyo har ƙasan tanki, a rufe sauran ƙofofi da salatif a bar ƙaramar mafita a sama, a bar iskar tana tafiya a hankali tun kafin a fara har a gama. In babu ko ɗaya, ruwa: a tsayar da tankin hancinsa sama, a cika shi har ɗan yatsa biyu ƙasa da layin aiki, a bar ƙofa buɗe.

Gargaɗi guda da ba kowa ya sani ba: kada a goge wurin walda da feshin wanke birki mai sinadarin kulorin. In zafin walda ya taɓa ragowarsa yana rikiɗa ya zama fosjin, iskar guba da aka yi yaƙi da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma kaɗan take buƙata ta lalata huhu. Asiton ya isa, a bar shi ya bushe sarai, a ɗauke ƙyallen da gwangwanin daga wurin.

Duk aikin a fili za a yi shi, da tukunyar kashe gobara mai hoda a kusa da hannun wani wanda ba ya yin komai sai kallo. Jarkokin man da aka zuƙe su yi nisa.

Yanka

Zana layin da salatif ya zagaye tankin, ka auna shi daga wuri uku ko huɗu domin kada ya karkace. Kafin ka yanka, haska ciki ta ramin famfo ka ga abin da ke bayan layin. Akwai farantan da aka gitta a ciki masu hana mai tumbatsa gaba da baya, akwai kuma ɗan kwanon da famfo ke zama a ciki. In layinka ya faɗa kan faranti, matsar da shi baya kaɗan. In akwai bawul ɗin numfashi a ɓangaren da za a jefar, sai an yanko shi da ƙarfen da ke kewaye da shi an dasa a saman abin da ya rage. Toshe shi kawai ba gyara ba ne. Tankin zai riƙa tofo mai a gidan mai, ko ya kumbura da rana.

Yankan farko da abin da ba ya tartsatsi ake yi: zarton hannu da ɗan mai a bakinsa, ko almakashin kwano, tanki cike da ruwa har kusa da layi. Giranda ba ta da wuri a nan sai hancin ya fita gaba ɗaya. Da zarar ya fita, tankin ya zama buɗaɗɗen akwati, sai a sake wanke shi da buroshi, yanzu da hannu ke kaiwa ko'ina, a shanya a rana.

Wannan ne kuma lokacin gyaran tsofaffin ciwuka, tunda ciki a buɗe yake. Lotsawa a buga ta daga ciki da gudumar roba. Farantin ciki da ya saki a mayar da shi da ɗigon walda. Tsatsa mara zurfi ruwan asid na fosforik yana cinye ta ya bar ƙarfen da ɗan rufi mai toka-toka. A ɗauraye, a busar nan take, don ƙarfen da aka wanke da asid kafin la'asar ya sake yin ja. Wurin da ya ɓule a yanke shi har inda ƙarfe ke da lafiya a sa faci, ba a cike rami da walda a kan ruɓaɓɓen ƙarfe. Sabulu da garin gam da ake liƙawa a hanya na kai mota gida ne kawai.

Sabon faranti da walda

Ƙarfen tanki siriri ne, wajen milimita ɗaya. Farantin rufewa ya zama na baƙin ƙarfe mai laushi, milimita 1.2 zuwa 1.5. Kada a ce mai kauri ya fi ƙarfi a kawo na milimita 3: kafin ya yi zafin narkewa, na tankin ya ɓule, kuma inda kauri ya haɗu da siriri nan girgiza ke tsagawa.

Kifa bakin tankin a kan kwali ka zana, ka mayar kan faranti, ka ƙara santimita ɗaya da rabi a kewaye. Wannan ƙarin za a lanƙwasa shi ya zama leɓe, farantin ya shige bakin tanki kamar murfin langa, leɓen yana kallon waje. Amfaninsa biyu: gefuna biyu suna kwance a jere, sai a narka su tare ba tare da wuta ta ratsa ciki ba, kuma leɓen yana hana faranti murɗewa. Fanel bita mai hannu zai fitar da shi a kan guntun katako da aka sassaƙa daidai siffar. A buga wa farantin doro ɗaya ko biyu a tsakiya, ko gicciye mara zurfi; shimfiɗaɗɗen faranti yana ɓalƙam-ɓalƙam duk lokacin da mai ya buge shi, kuma wannan motsin ne ke gajiyar da walda. Wasu sukan yanko fuskar tsohon hancin su mayar da ita. Yana yiwuwa in siffar tankin ba ta canja ba tsakanin wuraren biyu, amma sau da yawa hancin ya fi jiki tsukewa.

Goge rufin ƙarfen har santimita biyu daga baki, ciki da waje, sai ya yi fari. Tankuna da yawa an shafe su da zinki ko gamin dalma da kuza. Hayaƙinsu yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, kuma yana cika walda da ƙananan ƙofofi. Madarar da masu walda ke sha bayan aiki ba ta maganin wannan. Iska mai kaɗawa da takunkumin kirki su ne magani.

Waldar argon ta TIG ita ce ta fi dacewa. Waldar MIG, wadda injinta ke turo waya da kansa, da waya mai kaurin milimita 0.6 tana yi, sai dai takan bar ƙofa a inda aka tsaya aka sake farawa. Waldar gas da sandar tagulla tsohuwar hanya ce mai kyau a hannun gwani, tagulla tana bin tsakanin leɓe ta toshe shi ruf, illa dai zafinta yana yaɗuwa ya ƙone rufin ciki da nisa. Waldar lantarki ta sanda kuwa, a kan ƙarfen milimita ɗaya, ɓula za ta yi ta yi ana cikewa.

Ɗiga walda a kusurwa huɗu, sannan tsakaninsu, har ya zama kowane santimita 4 ko 5 akwai ɗigo. A nan ka tsaya. Ɗauki tankin haka ka mayar ƙarƙashin mota, ka ɗaga shi wurinsa, ka duba tazarar da idonka. Gyara a wannan matakin na minti goma ne. In ya zauna, sauke, ka yi waldar guntu-guntu, santimita uku a nan, ka tsallaka ɗaya gefen, ka bar wuri ya huce, kowane guntu ya hau kan ƙarshen na baya. Wurin da ya fi ba da wahala shi ne inda layinka ya ratsa tsohon ɗinkin da ya haɗa rabin sama da rabin ƙasa na tankin. Ƙarfe uku ne suka haɗu a nan, kuma tsakanin biyun na asali akwai datti da ragowar mai. Yawancin yoyo daga nan yake fitowa. Buɗe shi kaɗan, goge, ka bi shi a natse. Kada a goge waldar da giranda don ta yi kyau; ba mai ganinta a ƙarƙashin mota.

Gwaji kafin fenti

Cika tanki da ruwa a ga bai ɗiga ba, ba gwaji ba ne. Fetur yana bi ta ƙofar da ruwa ba ya bi. Da iska ake gwadawa, amma kaɗan: kada ta wuce psi 3, wato kimanin bar 0.2. Lambar ta yi kama da wasa, sai ka lissafa: a gefen tanki mai tsawon mita ɗaya da faɗin santimita 40, wannan iskar tana turi da nauyin kusan kilo 800. Wanda ya haɗa tanki da kwamfiresar mai faci kai tsaye zai ga ya kumbura ya zama ganga, farantan ciki sun ɓalle.

Ga hanya mai arha da ba ta kuskure. Toshe duk ƙofofi, ramin famfo da faranti da roba. A ɗaya bututun sa bawul ɗin tayar keke. A wani kuma haɗa doguwar farar tiyo da ake ganin ciki, irin ta awon lebur ta magina, ka lanƙwasa ta ƙasa ta dawo sama, ka zuba ruwa rabi, bakinta a buɗe. Buga iska da famfon keke. Ruwan zai sauka a gefe guda ya hau a ɗayan. Bambancin mita ɗaya daidai yake da bar 0.1. Kai shi mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ka tsaya. In ka zarce, ruwan ne zai fice, tanki bai ji komai ba. Yi alama a tiyon, ka bi duk waldar da ruwan sabulu da buroshi, a hankali, kana jiran ƙananan kumfa masu taruwa kamar ƙwan kwaɗo. A inuwa ake wannan, domin rana tana faɗaɗa iskar ciki ta ɓoye yoyo. In bayan rabin awa ruwan yana kan alamarsa, an gama. In ka samu ƙofa, saki iskar, goge wurin, sake walda, sake gwaji daga farko.

Sai bayan haka ake maganar rufin ciki. Zafin walda ya ƙone kariyar ƙarfen a kewayen ɗinkin, wurin zai yi tsatsa in an bar shi, musamman inda ake samun mai da ruwa a ciki. Magungunan shafe cikin tanki irin su POR-15 da Red-Kote suna aiki in ƙarfen ya bushe ƙayau kuma babu maiƙo. In an yi gaggawa, su ma saɓulewa suke su toshe famfo. A juya tankin maganin ya bi ko'ina, a zubar da ragowar, a hura iska ta bututan numfashi kada su toshe, a ba shi kwanakin da aka rubuta a gwangwani. Waje kuma fenti mai hana tsatsa, sannan baƙi.

Mayarwa

Maɗaurin gaba sau da yawa ba ya samun tanki a inda yake a da, sai an matsar da mariƙinsa baya. Da kusoshi a jikin shasi ake ɗaure shi, a huda tsakiyar ƙarfen, ba leɓensa na sama ko na ƙasa ba. Maɗaurin kada ya hau kan sabuwar waldar. Sa sabuwar roba tsakaninsa da tanki, wadda ba ta shan ruwa. Tsohon kafet da wasu ke sawa shi ke ruɓar da tanki.

Layukan mai da na birki da ke bin shasi ta hagu, yanzu taransifa da farfelar gaba sun zama maƙwabtansu. A ɗaure su da kilif mai roba, nesa da duk abin da ke juyawa. In za a ƙara tiyo, a karanta jikinsa: SAE J30R9 na layi mai ƙarfi ne, J30R7 na numfashi da mai mara ƙarfi, wanda zai zauna cikin tanki kuwa sai J30R10, in ba shi ba zai kumbura ya narke. Salansa ma galibi an karkatar da ita don ta ba farfelar gaba hanya. In ta matso tanki ko layi, a sa farantin kare zafi da iska a tsakani. Tiyon zuba mai ba ya canjawa in sifirin kawai aka ɗaga, domin tanki da shasi tare suke tashi, amma in an ɗaga jikin mota daga shasi sai an ƙara masa tsawo, ba tare da ya yi ciki inda mai zai kwanta ba. Robar bakin famfo sabuwa, filta sabuwa.

Gwada fulota da mitar auna lantarki kafin ka rufe: a Ford da yawa na waɗannan shekarun tana ba da kimanin om 16 in babu mai, 158 in ya cika, kuma lambar ta riƙa canjawa sumul ba tsalle. Geji tsayin mai yake aunawa ba yawansa ba, don haka zai ci gaba da nuna rabi a rabi. Litocin da ke cikin kowane rabin ne suka ragu.

Motar da aka mayar mai ja da ƙafa huɗu za ta shiga inda ba ta shiga a da, kuma sabon farantin yana fuskantar gaba, inda dutse da kututture ke fitowa. Farantin kariya na ƙarfe milimita 3 zuwa 4, ɗaure a shasi ba a tanki ba, da tazarar yatsa da ramukan zubar laka, ya cancanci kuɗinsa. Masu dizal da ke ratsa rafi su ɗaga bakin tiyon numfashi sama.

Zuba lita 20 tukuna. Mayar da fiyus da batir, murɗa makulli sau uku ba tare da tayarwa ba domin famfo ya cika layi, ka leƙa ƙasa da tocila. In ko'ina a bushe, tayar, je gidan mai ka cika, ka tsaya a inda famfo ya yanke da kansa. Fetur yana ƙaruwa da kusan kashi ɗaya cikin dubu a kowane digiri, ke nan lita 118 (132 a cire 14 na misalinmu) da aka zuba da sanyin safe za ta nemi wurin ƙarin lita biyu in zafinta ya hau da digiri 20, kuma sararin saman tankin ya ragu tare da yankan. Rubuta litocin da ya ci, shi ne sabon ma'aunin motar. Sannan ka nemi tudu, sa ƙaramar giya, hau, sauka, taka birki da ƙarfi, ka dawo ka duba sabon fentin hancin: ko ƙarzuwa ɗaya ka gani, taransifa tana taɓawa. In fitilar inji ta kama da lambar P0442 ko P0455, tururi yana fita ta wani wuri, fara da murfin tanki da tiyoyin numfashin da ka cire. Bayan tafiyar mako guda a sake ɗaure kusoshin maɗauri, domin sabuwar roba takan kwanta, a kuma shafa farin ƙyalle a kan ɗinkin a sansana.